Haddar "figures of speech" ko fahimta: me zai fisshe mu a Literature?

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah malamai ku taimaka. Ina SS3, Lauya nake son karanta, kuma an ce dole sai da kiredit a Literature. An ba mu takarda mai shafi shida cike da sunaye: simile, metaphor, metonymy, synecdoche, litotes, oxymoron da sauransu, kowanne da ma'anarsa da Turanci. Na haddace su tas, amma da an kawo layin waƙa an ce wane ne wannan, sai duk su yi mini kama da juna. Akwai wata dabara ne?

Ɗan Sabon Gari:
Dabara ɗaya ce ƙanwata: "past questions". Ki samu na shekara goma ki bi su. Tambayoyin nan juya su kawai ake yi. Mu da haka muka wuce.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni nake koyar da darasin nan a sakandare, bari in sa baki. Maganar Ɗan Sabon Gari tana da ƙamshin gaskiya, amma rabi ce. Takarda ta farko a WAEC tambaya 50 ce ta zaɓi: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, 5 a kan zube da ba ki taɓa gani ba, 5 a kan waƙa da ba ki taɓa gani ba, 20 kuma a kan wasan Shakespeare da aka sa muku. Hadda za ta iya ɗaukar ki a waɗannan 20 na farko. Goman da ke biye fa? Zube da waƙa ne sababbi fil za a ajiye miki, babu su a kowane "past question". Sannan ga takarda ta biyu da ta uku inda za ki yi rubutu da hannunki. A can, ki ce "wannan metaphor ne" ki yi shiru, maki kaɗan ne. Abin da mai duba takarda yake nema shi ne me marubucin ya kamanta da me, kuma me hakan ya ƙara wa maganar.

Shawarata, ki ajiye ma'anonin Turancin nan tukuna. Kowane suna ki nemo masa misali daga bakin kakarki. Duk abin da ke takardar nan kina jinsa a gida tun kina goye.

Malamar Hausa:
Malam ya faɗi abin da nake faɗa kullum. Yaran nan suna shiga ajin Hausa a koya musu adon harshe, su fita su shiga ajin Literature a koya musu abu ɗaya da Turanci, amma babu wanda ya gaya musu cewa darasi ɗaya ne. Auta, duba nan. "Yarinya kamar wata daren sha huɗu", kamantawa ce, ita ce simile, domin ga "kamar" nan a fili. "Audu zaki ne", siffantawa ce, metaphor, an cire "kamar" an ce shi ne ma kawai. "Yunwa ta kama ni ta kayar", an ba yunwa hannu, mutuntarwa ke nan, personification. Maroƙi ya ce wa mai gida ruwan da ya cinye gari, kambamawa ce, hyperbole. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero sun daɗe da tsara waɗannan sunaye. Har ma muna da rabe-raben da takardarki ba ta da su: a ƙarƙashin jinsintarwa akwai mutuntarwa, akwai dabbantarwa idan an mai da mutum dabba, akwai abuntarwa idan an mai da shi wani abu marar rai.

Autar Mama:
Ikon Allah. Anti, wallahi mun yi wannan a SS2, ban taɓa haɗa su ba.

Almajirin Zaure:
Allah ya saka wa malamai. Ni ta ɓangaren Larabci na fito, kuma ina ganin duk wanda ya yi Balaga, wato ilimin adon harshen Larabci, a Islamiyya ya riga ya gama da wannan darasi. Simile tashbihi ne, metaphor isti'ara ce, metonymy kinaya ce, hyperbole mubalaga, pun jinasi, antithesis ɗibaƙi. Malamanmu irin su Abdulƙahir al-Jurjani sun feɗe wannan ilimi tun ƙarni na 11, lokacin da Turancin da muke karantawa yau bai ma tsaya da ƙafarsa ba. A ɗauki littafin Balaga a fassara wa yara, an huta.

Baban Ilham:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam zan ja da kai, domin wannan daidaitawar ita take kayar mini da ɗalibai masu ƙarfin Larabci. Ɗauki misalin da Malama ta kawo, "Audu zaki ne". A Balaga me ake kiransa?

Almajirin Zaure:
Tashbihi ne baligi. An ambaci wanda ake kamantawa da wanda ake kamantawa da shi, an jefar da harafin kamance da fuskar kamance.

Baban Ilham:
Madalla. To a jarrabawar Turanci "Audu is a lion" metaphor ne, babu ko tantama. Yaron da ka gaya wa simile shi ne tashbihi zai ga wannan jimla, ya ce ai tashbihi ce, ya zaɓi simile, ya faɗi. Larabawa sun ja layinsu ne a kan ko an ambaci ɓangarorin biyu ko an ɓoye ɗaya. Sai ka ce "na ga zaki yana harbi da baka", ba ka ambaci mutumin ba sam, sannan ta zama isti'ara. Turawa kuwa sun ja nasu layin a kan kalmar kamance: in akwai "like" ko "as", simile; in babu, metaphor. Gona ɗaya ce, amma kowa da inda ya kafa iyakarsa.

Haka kinaya. Idan Balarabe ya ce wane mai yawan toka ne yana nufin mai kyauta, saboda yawan girki ga baƙi, wannan kinaya ce, kuma maganar tana iya zama gaskiya a zahirinta, tokar tana nan. Abin da Turawa suke kira metonymy da synecdoche ya fi kusa da majazi mursal.

Almajirin Zaure:
Na karɓi ta tashbihi baligi. Amma ta kinaya, ƙamusoshi da yawa metonymy suke fassara ta.

Baban Ilham:
Suna yi, shi ya sa nake gargaɗi. Mai ƙamus yana neman kalma mafi kusa ne, mai saka maki kuma yana da amsa ɗaya a takardarsa.

Autar Mama:
To Malam waɗannan biyun su ne ma suka fi ruɗa ni. Metonymy da synecdoche.

Malamar Hausa:
Bari in karɓa, Malam ya huta. Idan mahaifinki ya ce "baki goma nake ciyarwa", baki wani yanki ne na jikin mutum, an ambaci yanki ana nufin mutum ɗungurungum. Synecdoche ke nan. Haka "ba ni da hannu a shagon", ana nufin ma'aikata. Amma idan rediyo ta ce "Fadar Aso Rock ta musanta labarin", gini ba ya magana, kuma ginin ba gaɓar jikin shugaban ƙasa ba ne. Alaƙa ce kawai ta wurin zama. Wannan metonymy. "Ya shanye kofi biyu", ba tangaran ɗin ya haɗiye ba. "Kano ta fito ƙwanta da ƙwarƙwata". Tambayar da za ki yi wa kanki guda ce: abin da aka ambata, in an yanke shi, jikin wancan zai ragu? In zai ragu, synecdoche. In maƙwabtaka ce kawai, metonymy.

Ɗan Sabon Gari:
Duk wannan dogon Turanci a kan maki ɗaya. Ni dai har yau ban ga inda synecdoche ta sayo mini buhun shinkafa ba.

Malamar Hausa:
Kai da kake kasuwa kullum kana cewa "kawo kai biyar" ai da ita kake cin abinci, ba ka san sunanta ba ne.

Badamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan da Faransanci muke fara koyon waɗannan, kuma sunayen kusan ɗaya ne da na Turanci, tun da yawancinsu daga Girkanci suka fito, wasu daga Latin. In mun zo ajin Turanci lafazi kawai muke canzawa. Abin da yake ba mu wuya shi ne karin waƙar Turanci. Wannan iambic pentameter, malaminmu ya yi ta buga tebur yana ƙirgawa, mu dai muna kallonsa.

Baban Ilham:
Wannan ita ce babbar matsala, kuma a nan ne Hausa da Larabci ba za su cece ku ba, sai ma su ja ku baya. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar aruli na Larabci da Khalil bin Ahmad ya tsara, a kan nauyin gaɓa yake tafiya: gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi, doguwa da gajera. Turanci kuwa a kan dannawa yake, wato wace gaɓa ce ake buga ta da ƙarfi. Kalmar "record" in ka danna gaɓar farko suna ce, in ka danna ta biyu aikatau ce. Mu kunnenmu ya saba da karin sauti na hawa da sauka da tsawon wasali, bai saba da wannan bugun ba, shi ya sa muke ba kowace gaɓa ƙarfi ɗaya in muna karanta Turanci.

Iamb gaɓa biyu ce, ta farko sassauƙa, ta biyu dannanniya, kamar a "today" ko "again". Biyar ɗinsu a layi ɗaya, gaɓa goma ke nan, shi ne iambic pentameter, kuma da shi Shakespeare ya rubuta mafi yawan wasanninsa. Ba a koyon wannan da ido. Ku nemi inda 'yan wasa suke karanta shi a YouTube ku saurara, kuna bin rubutun da yatsa.

Wani tarko kuma da ake yawan kafawa: blank verse da free verse. Na farko yana da kari, amsa-amo ne ba shi da shi. Na biyu ba shi da tsayayyen kari ma gaba ɗaya. Yara suna ganin "blank" su ɗauka wanda babu komai ne.

Malamar Hausa:
Amma sauran kayan waƙa muna da su. Stanza baiti, line ɗango, rhyme amsa-amo, enjambment kuma saɓi-zarce, inda magana ba ta ƙare a ɗango ba sai ta tsallaka na gaba. Wanda ya san ƙwar biyu da ƙwar biyar ba zai sha wahalar couplet da quintet ba. Sonnet dai baƙuwa ce, ɗango 14. Ta Shakespeare tana tafiya huɗu, huɗu, huɗu, sannan biyu na rufewa; ta Italiya takwas da shida.

Almajirin Zaure:
Malam Baban Ilham, tun da ka rushe mini tebur, irony fa? Ni habaici nake ce wa ɗalibaina.

Baban Ilham:
Ban rushe ba Malam, gyara masa ƙafa na yi. Habaici magana ce da ake jefawa ba a kama suna ba, mai ita ya san kansa. Wannan ya fi kusa da innuendo. Irony na baki shi ne ka faɗi abu kana nufin kishiyarsa. Yaro ya fasa tulu, uwa ta ce "sannu da aiki, ka kyauta". Mu gatse muke ce masa. In gatsen ya yi kaifi har yana yanka, ya zama sarcasm.

Misalin da ya fi kowanne a wajena yana cikin Julius Caesar, jawabin Mark Antony a kan gawar Kaisar. An ba shi izinin magana bisa sharaɗin kada ya zargi waɗanda suka yi kisan. Sai ya riƙa maimaita cewa Brutus mutumin kirki ne mai daraja, kowane maimaici yana biyo bayan wata hujja da ke nuna Kaisar ba shi da kwaɗayin mulkin da aka kashe shi dominsa. Kafin ya gama, kalmar yabon ta koma zagi a kunnen jama'a, suka tashi da tarzoma. A farkon jawabin bai karya sharaɗin a lafazi ba, sai can daga baya ya kira su maciya amana. Ɗalibin da ya iya bayyana yadda maimaicin nan ya juya ma'anar kalmar, ya fi wanda ya haddace ma'anar irony guda uku.

Sai dramatic irony, wanda ba shi da alaƙa da gatse. Shi ne mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. A Othello kowa yana kiran Iago mai gaskiya, shi kansa Othello ya fi kowa yarda da shi, alhali mu masu kallo mun ji shi da bakinsa yana ƙulla makircin. Duk fim ɗin Hausa da kishiya ta zuba magani a abinci muna gani, mai gida ya shigo yana wanke hannu, shi ne wannan. Na ukun situational irony, inda abu ya juye ya zama akasin abin da ake tsammani, kamar ofishin 'yan kwana-kwana ya kama da wuta.

Ɗan Sabon Gari:
To wannan na fim ɗin na gane shi. Da haka aka koya mana da ban tsani darasin ba.

Autar Mama:
Malam, oxymoron da paradox fa? Takardarmu ta ce duka biyun "contradiction" ne.

Malamar Hausa:
Girma ne ya raba su. Oxymoron kalma biyu ne masu karo da juna an manna su wuri ɗaya: "mugun kyau", "sanyin zafi", ko "open secret" na Turawa. Paradox kuwa cikakkiyar magana ce da za ki ji kamar shirme, sai kin tauna ki ga gaskiya ce. "Sauri ya haifi nawa." Ta yaya sauri zai haifi jinkiri? Amma duk wanda ya taɓa fita a guje ya manta makulli ya san haka ne. Kuma ki lura, a wannan karin maganar akwai mutuntarwa ma, tun da an ba sauri haihuwa. Layi ɗaya yana iya ɗaukar ado biyu ko uku. A tambayar zaɓi ki duba wanne ne a cikin amsoshin da aka jera, a rubutu kuma ki ambaci duk wanda za ki iya kare shi.

Litotes kuma ai mu ne sarakansa. Bahaushe ya ci riba mai tsoka, ka tambaye shi kasuwa, ya ce "ba laifi". An ga yarinya kyakkyawa a ce "ba ta da muni". Tabbatar da abu ta hanyar kore kishiyarsa. Euphemism kuwa sakaya zance ne: "ya riga mu gidan gaskiya", "ta sauka lafiya", "zan zaga".

Badamagare:
Malama, "fari fat" da "ja wur" onomatopoeia ne? An taɓa yi mana gardama a kai.

Malamar Hausa:
A'a. Onomatopoeia sai kalmar ta kwaikwayi ƙara da kunne yake ji: "tinjim" in abu ya faɗa ruwa, "ƙwas", "bam". Fari ba shi da ƙara, ja ma haka. Waɗannan amsa-kama ne, masana harshe suna ce musu ideophones, kuma Hausa ta fi Turanci arzikinsu nesa ba kusa ba. Wasu amsa-kama suna kwaikwayon ƙara, wasu launi ko yanayi suke ƙarfafawa. Na farkon ne kawai suka shiga onomatopoeia.

Baban Ilham:
In ƙara ɗaya a kan sauti. Alliteration da kunne ake gane shi, kada ku bi harafi. Mu rubutunmu yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa a karangiya, wato alliteration ɗinmu, irin ta ƙato da ƙoto, ido da kunne suke yarda da juna. Turanci ba haka yake ba. "Phone" da "fish" sun yi alliteration duk da harafin farko ya bambanta. "City" da "cat" ba su yi ba duk da harafi ɗaya ne. "Knife" da "night" sun yi. Masu saita tambaya sun san wannan rauni namu sarai.

Sai apostrophe. A Literature ba waƙafin sama ake nufi ba. Shi ne mawaƙi ya juya ya yi magana da wanda ba ya nan, ko mamaci, ko abin da ba ya ji: "Ke duniya, me na yi miki?"

Almajirin Zaure:
Ni dai har yanzu ina kan bakana ta wani ɓangare. Ko iyakokin sun bambanta, yaron da ya yi Balaga ya saba da tambayar "mece ce fuskar kamance?" Wannan ita ce tambayar da ka ce mai duba takarda yake nema. Rukunan tashbihi huɗu muke koyarwa, kuma ba ma barin yaro sai ya fito da kowanne.

Baban Ilham:
A nan kam ban da ja. Turawa ma sai a 1936 wani masani I. A. Richards ya ba ɓangarorin metaphor sunayen da ake amfani da su yanzu, tenor da vehicle, abin da ku kuke kira mushabbah da mushabbah bihi tun tuni. Horon ku kawo mana shi. Teburin "wannan shi ne wancan" ne nake roƙo a rubuta masa gargaɗi a ƙasa.

Ɗan Sabon Gari:
Amma fa ku faɗa mata gaskiya, lokaci ya ƙure. Yarinya tana SS3, ku kuna maganar Jurjani. Ta yi "past questions" ɗin.

Baban Ilham:
Ta yi mana, ban hana ba. Amma ga yadda za ta yi. Auta, duk tambayar da kika amsa, ko kin ci, ki rubuta dalilin da ya sa sauran amsoshi ukun ba su ne ba. Sannan ki ɗauki waƙoƙin da aka sa muku, kowace ki fitar da ado uku, ki rubuta jimla biyu a kan kowanne: me aka kamanta da me, kuma wane ji ya sa miki. Kada ki rubuta "it makes the poem interesting", wannan jimlar mun gaji da ganinta, ba ta da maki. In mawaƙi ya kira birni kurkuku, ki ce yana nuna mutanen ciki ba su da mafita, ki nuna wani layi da ya goyi bayan haka.

Autar Mama:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti, Allah ya ƙara ilimi. Bari in gwada ɗaya ku duba mini. "The classroom was a market." Metaphor ne, an kamanta aji da kasuwa, fuskar kamancen hayaniya da rashin tsari, yana nuna malamin ya kasa riƙe ajin.

Malamar Hausa:
Daidai. To ga naki na gida: "Gari ya yi shiru, har bango yana kasa kunne." Ado nawa kika gani?

Autar Mama:
Mutuntarwa a bango. Gari kuma metonymy, tun da mutanen garin ake nufi?

Almajirin Zaure:
Majazi mursal, alaƙarsa mahalliyya, wato an ambaci wuri ana nufin mutanen cikinsa.

Baban Ilham:
Malam, a takardar WAEC dai ta rubuta metonymy. Auta, gobe in Allah ya kai mu ki turo waƙa ɗaya daga cikin waɗanda aka sa muku, mu bi ta ɗango-ɗango a nan. Badamagare, kai ma ka kawo layi huɗu na Shakespeare mu ƙirga bugun tare, zan turo da murya.